Maganin Ƙarfen da Isyaku Ya Ba Ɗansa

Akwai wani manomin gyaɗa a Zoza, cikin ƙasar Rogo, sunansa Isyaku. Mutum ne mai sanyin hali, ko kaza za a yanka a gidansa sai ya kira maƙwabci. Babban ɗansa Muhsin ya fara zama saurayi, kuma ba shi da hira sai ta Ɗanmaliki.

Ɗanmaliki shi ne shugaban 'yan taurin yankin, masu gurza wuƙa a cikinsu ranar biki ba ta kama su. Magani ne ko dabara, Allah masani. Wayar Muhsin dai cike take da bidiyonsa.

Wata rana suna cin tuwo, yaron ya ce, "Baba, 'ya'yan Ɗanmaliki sun more wallahi. Ubansu namiji ne."

Isyaku ya mayar da lomarsa cikin kwano. Iyaye maza da ke karanta wannan, kun san irin zafin da nake nufi.

Washegari ya samo wata tsohuwar wuƙa, ya yi ta goga bakinta a dutse har ta dakushe, ko albasa ba za ta yanka ba. Ya wanke ta da toka tana ƙyalli. Da yamma ya tara yaransa a tsakar gida, ya tuɓe riga, ya yi wa kansa kirari, ya shiga gurza ta a ciki da wuya. Ƙananan suka sa ihu. Muhsin kuwa baki buɗe yake kallo.

"Baba! Ashe kai ma ka sha?"

"Dainawa na yi," in ji Isyaku. "Lokacin da nake tashe, Ɗanmaliki ko wando bai fara sawa ba."

Daga ranar Muhsin ya hana shi sakat, sai an ba shi maganin. Isyaku ya haɗa garin kuka da gawayi, ya dama a kunu, yaron ya shanye yana rufe ido.

Matarsa Talatu ta tare shi a ɗaki. "Malam, ka ji tsoron Allah. Kukar miyata ce fa ka ɗiba."

"Wasa ne, Talatu. Ki bar ni in ji daɗin ɗana. Yaushe rabon da ya zauna kusa da ni?"

Gaskiya ya ji daɗin. Muhsin ya koma bin sa gona, shi ke ɗaukar masa fartanya, kuma babu majalisar da bai kai labarin taurin ubansa ba.

Da aka gama kaka, aka yi gangar farauta. Muhsin ya ce lallai su je. Isyaku ya rasa yadda zai ƙi, tunda gari duk ya ji. Ya ɗauki gora ya bi su, da niyyar ya maƙale a baya har a tashi.

A dajin da ke wajen Tudun Kaya mafarautan Rogo suka haɗu da na Karaye. Karnukan ɓangarorin biyu suka kayar da gada ɗaya, kowa ya ce karensa ne ya fara kamawa. Kafin ka ce me, gora ta fara sauka a kawuna. Aka zare adduna. Wani ya faɗi riƙe da kunnensa, jini na bin yatsunsa. Wani aka karya masa haƙarƙari yana rarrafe cikin ƙaya, karnuka na ta haushi a kansa.

Isyaku ya laɓe bayan wata ɗorawa yana salati. Sai wani ɗan Zoza ya ɗaga murya, "Ina Isyaku mai maganin ƙarfe? A buɗe masa hanya!" Aka finciko shi, aka tura shi gaba.

Wani ƙaton saurayi daga ɗaya ɓangaren ya yo kansa, goshinsa a fashe, adda a hannu. "Kai ne ƙarfe ba ya ci?"

Don tsoro, gorar ta suɓuce daga hannun Isyaku. Muhsin da ya ga haka, ya ɗauka raini ne uban ya yi wa saurayin.

"Baba, wannan bai kai ka taɓa shi ba. Bar ni da shi."

Ya cire riga, ya miƙa hannunsa na dama kamar yadda ya gani a bidiyo, har da murmushi. "Sara!"

Shi ma saurayin ya gaskata ba za ta ci ba, shi ya sa ya sauke ta da dukkan ƙarfinsa. Isyaku ya buɗe baki zai ce ƙarya ce, amma adda ta riga shi.

Ƙarar da Muhsin ya yi ita ta tsayar da faɗan. Hannun yana reto daga daidai wuyan hannu, jini na tsartuwa har fuskar uban. Ɗanmaliki, wanda shi ma yana cikin mafarautan, shi ne ya yage rigarsa ya ɗaure damtsen, ya ɗora yaron a babur sai asibiti. Daga can aka wuce da shi Kano. An ceto ransa, amma ba a ceto hannun ba.

Da ya farfaɗo, ya ga ubansa zaune bakin gado, idanu sun kumbura. Ya dubi dungulmin da aka naɗe da bandeji, hawaye ya zubo masa.

"Baba, ka yafe mini. Laifina ne. Na ci miyar kuɓewa a gidan Gwaggo ban faɗa maka ba, kuma kowa ya san tana karya tauri. Na ba ka kunya a gaban mutane."

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Da Isyaku ya yi shiru, da har abada jarumi ne a idon ɗansa, yaron kuma ya rayu yana zargin kansa. Amma sai Isyaku ya durƙusa.

"Muhsin, ba kuɓewa ba ce. Kuka ce da gawayi na ba ka. Wuƙar ma ni na dakushe ta a dutse. Ban taɓa shan komai ba. So nake ka dube ni yadda kake duban Ɗanmaliki."

Muhsin ya ƙura masa ido.

"Saboda in ce kai namiji ne, Baba?"

Yaron ya juya fuskarsa bango, ya ce a kira masa Inna.

Darasi: Kai uba, abin da kake kira wasa, ɗanka gaskiya yake ɗaukarsa, kuma da jikinsa zai gwada. Gara ya san ka a manomi mai tsoron wuƙa da ka zame masa jarumin ƙarya. Ku tura wa duk wani uba da kuka sani, wataƙila ku ceci hannun wani yaro.