Baƙar Ragar Alhaji Na'Allah

Alhaji Na'Allah mai sayar da tuffa ne a kasuwar Ogbete ta Inugu. Mutum ne mai ƙoƙarin nema, sai dai Allah Ya jarrabe shi da zargi. Ko gaisuwa ka yi masa da fara'a, sai ya zauna yana tunanin abin da kake nufi da shi.

Tuffar tana zuwa ne daga gonar gadonsu da ke kan tsaunin Filato, inda ƙanensa Gimba yake kula da bishiyoyin. Wata shekara ƙanƙara ta sauko ta farfasa 'ya'yan. Gimba ya bugo waya ya ce a sayi raga a shimfiɗa a saman bishiyoyin.

"Fara za a saya, Yaya, mai barin rana ta ratsa. Na san mai sayarwa a Jos."

Wannan magana ta tsaya wa Alhaji a rai. Ya ce lallai Gimba ya haɗa baki da mai shago. Ya tashi da kansa ya tafi Anacha, ya sayo baƙar raga mai kauri, irin wadda ake yi wa dashe inuwa, ya aika masa.

Ragar ta tare ƙanƙara, amma ta tare rana ma. Tuffa ta iso Inugu lafiya lau, babu ko ƙwarzane, sai dai fara fat, ba ja, ba zaƙin kirki. Mata masu saye su ɗaga su juya, su ce ba ta nuna ba, su wuce. Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai, ya kira ƙanensa.

"Gimba, ina jajayen? Wa kake tsince wa su?"

"Subhanallahi! Yaya, rana ce ke sa tuffa ta yi ja. Ragar nan ta yi duhu da yawa. A canja ta da fara kawai."

"Wato ka samu abin fakewa. To, ka yaye ta duka, in ga kuma ƙaryar da za ka yi baɗi."

"Yaya, idan damina ta kama, ƙanƙara..."

Alhaji ya kashe wayar. Matarsa Kande ta ce, "Alhaji, ka je ka ga gonar da idonka mana." Sai ya yi mata wani kallo, ya tambaye ta ko ita ma suna waya da Gimba ne.

Gimba ya yaye ragar. Da shekara ta zagayo, 'ya'yan suka sha rana, suka yi jawur. Ana shirin tsinka, hadari ya haɗo, ƙanƙara ta sauko kamar ana watsa tsakuwa.

Kwali ɗaya tak direban mota ya sauke wa Alhaji a Ogbete. Ya buɗe, ya ga tuffa ja kamar gauta, amma kowace a fashe, ƙudaje na bi. Direban ya ce, "Gimba ya ce in gaya maka ga jajayen nan, bai tsince wa kowa ba. Ya ce kuma ka nemi wanda ka yarda da shi ya kula da gonar, shi ya tafi."

Darasin shi ne, zargi ba wayo ba ne. Idan wanda ke kan aiki ya faɗa maka dalili, ka je ka duba kafin ka kira shi maƙaryaci. Mai zargi yakan gane gaskiya daga baya, amma a lokacin ya riga ya rasa amfanin gonar da ɗan'uwan gaba ɗaya.