Awakin da Suka Cinye Lambun Arzika

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanni, sunansa Arzika. Wankin hula yake yi. Bawan Allah ne, ba ruwansa da kowa, in ka gan shi a hanya ba za ka waiwaya ba. To ku saurara, jama'a, ku ji abin da wannan mutumin ya yi!

A tsakiyar unguwarsu, gaban masallaci, akwai dandali. Da can nan unguwa take haɗuwa, amma sannu a hankali aka mai da shi bola. Wannan ya zubar da toka, wancan ya jefo mushen kaza. Kowa ya toshe hanci ya wuce, kowa yana cewa laifin maƙwabcinsa ne. Kun dai san halinmu.

Rannan mai unguwa ya ce ya gaji, zai ba wani attajiri filin ya kewaye ya gina rumbuna. Arzika ya ji abin har cikin ransa. Ya je ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Babbar Salla. In ba a ga kore a wurin nan ba, a ba shi."

Mai unguwa ya yi dariya ya ce, "Arzika, da ruwan wankin hula za ka yi noman rani? To na ba ka. Ranar jajibiri zan zo da kaina."

Ina ruwa? Allahu Akbar! Ruwan alwala, jama'a, wanda yake kwarara kwata a banza! Ya haƙa 'yar magudana daga bakin masallaci zuwa dandalin. Ya kwashe shara da kwando, shi kaɗai. Ya ja fangali-fangali, ya shuka alayyahu, ya shuka yakuwa, ya shuka kuɓewa. Masu wucewa suna tsokanarsa, "Sarkin noman bola, barka da aiki!" Shi kuwa sai ya ce, "Barka kadai." Ba a daɗe ba wuri ya yi kore shar, har masu tsokanar suka fara rage tafiya suna leƙe.

Saura 'yan kwanaki Salla, ranar Juma'a, maza duk suka tafi babban masallaci. Kafin a dawo, awakin unguwa sun shiga. Kai! Ba su bar ko ganye ɗaya ba, har saiwa suka tumɓuke. Arzika ya zo ya gani, ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Namiji ne, amma ya yi kuka, domin ya san dandali ya tafi.

A al'adar garin nan, akuyar da aka kama tana ɓarna ta zama ta mai shuka. Nan da nan aka kame awakin aka ɗaure a gabansa. Masu awaki suka taru. Cikinsu akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda akuyarta guda ita ce duk abin da ta mallaka. Ta matso ta ce, "Ɗan nan, ka dubi Allah."

Ku gaya mini gaskiya, da kai ne me za ka yi? Malam na can baya da kake gyaɗa kai, wallahi da tuni ka wasa wuƙa!

Arzika ya share ido ya ce, "Ku kwance su." Ya dubi tsohuwar ya ce, "Iya, akuyarki ce ta ci fangalin nan na bakin magudana. To ya zama naki, ki zo ki shuka abin da kike so." Ya ɗaga murya ya ce, "Duk wanda akuyarsa ta ci, ya zaɓi fangali. Abu ɗaya nake roƙo, a kawo kashin awakin, wurin yana son taki."

Jama'a, washegari sai ga unguwa ta fito! Iya Tabawa da ƙwaryar irin kabewa. Mata da kwandunan taki daga turke. Maza da fartanya, wasu da kara da ƙaya ana kafa shinge. Kowa ya ɗaure akuyarsa ba wanda ya ce masa ya ɗaure, don yanzu shukarsa ce a ciki. Mutanen da suka yi shekaru ba sa gaisawa, ga su nan suna gardamar wa zai fara ban ruwa, ana ta shewa.

Ranar jajibiri mai unguwa ya iso da attajirin. Ba kore, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce, "Arzika, ina alkawarinmu?"

Arzika ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ban cika ba. Awaki sun cinye."

Sai Iya Tabawa ta zauna daram a tsakiyar fangalinta ta ce, "Mai unguwa, in bayarwa za ka yi, fara da nawa. Amma sai ka ɗauke ni tukuna." Wani ya ce, "Da nawa!" Wata ta ce, "Da nawa!" Wuri ya ɗauka gaba ɗaya. Attajirin ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Ranka ya daɗe, bola aka ce mini. Wannan wuri da masu shi. Na haƙura."

Allahu Akbar! Kafin damina ta faɗi, ba gidan da yake neman ganyen miya a unguwar nan.

Kun ji darasin? Haƙuri da yafiya ne suka ceci wurin. Da ya riƙe awakin, yana da gaskiya, ba mai ce masa don me. Amma da ranar jajibiri shi kaɗai zai tsaya, kuma da an karɓe filin. Ya yafe haƙƙinsa, Allah Ya ba shi unguwa guda.

Kai kuma fa? Maƙwabcin da ka daina yi wa sallama saboda kwata, ko saboda faɗan yara, yana nan cikin wannan sahun, kai ma ka san inda yake zaune. Kada ka sa takalminka yau sai ka miƙa masa hannu. Allah Ya ba mu ikon yafe wa juna.