Kura da Gugan da Aka Hana Taɓawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne!

Jaki ne ya haƙa rijiya, yana ban-ruwan albasarsa. Kura ta gani, ranta ya biya, sai ta garzaya gun alƙali Dila.

"Allah ya gafarta malam, rijiyata ce, damfarata Jaki ya yi! A hana shi taɓa guga da igiya har a yanke hukunci."

Dila ya hana. Shi ke nan, duk ranar shari'a sai Kura ta aiko wai cikinta ya murɗe. So take albasa ta bushe, Jaki ya gaji ya bar mata.

Rannan da tsakar rana ƙishirwa ta kama Kura, ta leƙa rijiyar, santsi ya kwashe ta, tsundum!

"Ɗan'uwa Jaki, jefo igiya!"

Jaki ya ce, "Ayya Kura, wane ni in taka dokar alƙali? Sai an gama shari'a. Ya cikin naki?"

Ihunta ya tara gari, har Dila ya zo.

"Ƙarya na yi, malam! Rijiyarsa ce, ko ƙasar haƙa ban kwashe ba!"

Dila ya ce, "Jaki, ɗauki guganka."

Jaki ya zura guga yana waƙa. Sai da ya shayar da albasarsa kaf, sannan ya leƙa.

"Kura, yau ki fito, ko mu ɗaga zuwa wani makon?"

Ƙurunƙus kan jiƙaƙƙiyar kura!