Kunkurun da Ƙoƙi ta Mayar Gida

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, a ajiye gyaɗar nan, ba na magana ana ɓare-ɓare.

Wata damina Ƙoƙi matar Gizo tana noma a gonar wakenta can bakin daji, sai hauyarta ta daki wani dutse. Ta san gonar nan kamar yunwar cikinta, babu dutse a wurin. Ta sunkuya za ta kawar da shi, sai dutse ya matsa. Ƙoƙi ta yar da hauya, ta dafe ƙirji. Ashe kunkuru ne, ƙato kamar an kife akushi, ya shige da kai da ƙafafu cikin ƙwaryarsa.

Gizo yana kwance a inuwar ɗorawa, wai yana gadin gona. Ya taso ya leƙa, yawu ya tsinke masa. Da tsamin bakin nan nasa ya ce, "Kunkuyu ne na daji. Abin daji na wanda ya tsinta ne. Huya wuta, Ƙoƙi."

Ƙoƙi ba ta cin abin da ba ta san asalinsa ba. Ta juya shi nan, ta juya shi can. A gefen ƙwaryar, ta baya, sai ga wata huda, ta yi sumul kamar inda igiya ta daɗe tana gugawa. A gadon bayan kuma ga ɗigon shuni.

Ta ce, "Maigida, yaushe daji ya fara huda? Wannan na wani ne, ɓata ya yi. Sai an yi cigiya."

Gizo ya ce, "Cigiya a cikin tukunya ta fi daɗi."

Ta ce, "Taɓa shi ka ga yadda hauya ke zama a ƙeya."

Ta naɗa gammo, ta ɗora kunkuru a ka, ta kama hanya. Gizo na biye yana ƙunƙuni.

Suka isa rafi, suka tarar da Kwaɗo. Ƙoƙi ta ce, "Sannu da hutawa, Kwaɗo. Wannan naku ne na ruwa?"

Kwaɗo ya zaro ido ya duba. Ya ce, "Tamu kififiya ce, bayanta a shimfiɗe, ƙafarta da fata tsakanin yatsu. Wannan dubi doronsa, dubi ƙafa kamar taɓarya. Kika jefa shi a ruwa, sai dai ki yi masa addu'a. Ba namu ba ne."

Kunkuru bai ce uffan ba.

Suka yi gaba, suka tarar da Zomo a gindin sabara. Ƙoƙi ta ce, "Sannu da kiwo, Zomo. Wannan naku ne na daji?"

Zomo ya shinshina, ya ja da baya. Ya ce, "Namu in kin ɗaga shi sai ya yi huci ya tsula miki fitsari. Kuma namu farcensa a cinye yake saboda tonon rami. Wannan farce ya yi zaƙo-zaƙo har ya tanƙware, bai taɓa tona ƙasa ba. Hayaƙin murhu ma nake ji a jikinsa. Ba namu ba ne."

Kunkuru bai ce uffan ba.

Suka shiga gari, suka tarar da Akuya a kan juji tana tuƙa. Ƙoƙi ta ce, "Sannu da tuƙa, Akuya. Wannan naku ne na gida?"

Akuya ko tsayawa da tuƙar ba ta yi ba. Ta ce, "Wa bai san shi ba? Na Barmo marini ne. Tun kakan Barmo yake ɗaure a bakin marina, wai gidan da ke da kunkuru mugun abu ba ya shiga. Tun da ya ɓace Barmo bai ci ya ƙoshi ba."

Da Gizo ya ji haka, ya ga nama ya kuɓuce, sai ya tuna akwai goron albishir. Ya ce wai zai zaga bayan gari, ya bi ta lungu a guje.

Ƙoƙi kuwa daɗi ya cika ta. Ta ceci rai daga tukunya, ga shi za ta mai da tsintuwa ga mai ita. Tana tafe tana lissafin lada. Da warin baban rini ya fara bugo su daga marina, sai ta ji kayan kanta na rawa. Wata murya a shaƙe ta ce, "Sauke ni, 'yar nan."

Ƙoƙi ta waiga, ba kowa. Ta sauke kunkuru. A hankali ya fito da kai, tsoho tukuf, ido duk kwantsa.

Ya ce, "Ina kika kawo ni?"

Ta ce, "Gida mana, Baba. Ai ɓata ka yi."

Ya ce, "Wa ya ce miki ɓata na yi? Ina ƙarami aka tsince ni a daji, aka huda ni da ƙusa mai zafi, aka ɗaure. Na tsufa ina zagaya turke ɗaya. Bana igiya ta ruɓe, na tsinke ta. Tun ruwan farko nake jan ciki, ina ɓuya da rana, har na hango bakin daji. Tafiyar da na yi damina guda, ke kin mayar da ni a hantsi ɗaya."

Ƙoƙi ta zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar ta ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Mijinki na zancen tukunya zan fito da wuya? Kin tambayi Kwaɗo, kin tambayi Zomo, kin tambayi Akuya mai cin juji. Ni da ke bisa kanki, kin tambaye ni?"

Ta zabura za ta sungume shi ta juya. Ina, bakin alƙalami ya bushe. Ga Barmo nan tafe, hannu baƙi ƙirin da shuni, mutanen unguwa na biye, Gizo a gaba kumatu cike da goro yana cewa, "Ga shi nan, ni na tsinto, ni na yi dako."

Ƙoƙi ta durƙusa ta ce, "Malam Barmo, don Allah ka bar shi. Ba ɓata ya yi ba, tafiya ya yi."

Barmo ya yi dariya. Ya ce, "Baiwar Allah, ke da bakinki kika bi gari kina cewa na wani ne. Ga huda, ga shunina. Allah ya yi miki albarka, masu amana irinki sun yi ƙaranci."

Jama'a suka amsa da amin. Kowace amin kamar mari Ƙoƙi ke jin ta. Barmo ya sa hannu a aljihu, sai ga sarƙa, sabuwa fil daga maƙera. Ya zura ta a hudar nan, ya ce, "Wannan kam ba ta ruɓewa."

Kunkuru ya dubi Ƙoƙi sau ɗaya, ya mayar da kansa ciki. Tun daga ranar bai ƙara yi wa kowa magana ba, kuma jikokinsa har yau da sun ji motsin mutum sai su shige. Ita kuwa Ƙoƙi, in kun gan ta a kan ganye za ku ga hannuwanta biyu a haɗe. Gafarar kunkuru take nema, har yanzu bai amsa ba.

Ku ji da kyau, ku masu rawar kan taimako. Ba duk wanda ya bar gida ne ya ɓata ba. Kafin ka ɗauki wani a ka, ka tambaye shi inda ya nufa, don alherin da ba a yi shawara da mai shi ba yakan fi mugunta ciwo.

Ƙungurus kan kusu. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya tauna ta da goronsa. Kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.