Zauren da 'Ya'yan Kubura Suka Kasa Raɗa wa Suna

Ku gyara zama, domin yau ba hira na kawo muku ba, shari'a ce, kuma idan na gama ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

Kwana da kwanaki ke nan Inna Kubura ta unguwar Hanwa, nan Zariya, ba ta sa abinci a baki ta ji daɗinsa ba. Ta zauna da ɓacin rai, ta tashi da ɓacin rai. Hatta ƙananan jiragen 'yan koyo da ke wucewa ta saman gidanta, waɗanda a da take ɗaga musu hannu tana yi musu addu'a, yanzu da tsaki take raka su. Ba ciwo ne ya kama ta ba, ba kuma rashi aka yi mata ba. 'Ya'yanta uku ne, waɗanda ta goya da zane ɗaya, suka daina ga-maciji da juna a kan sunan wani zaure da ba shi da ƙofa balle tabarma, zauren cikin waya. Sun kuma kinkimo rigimar ɗungurungum sun dire mata a ka.

Ga yadda abin ya faro. Mijinta marigayi, Malam Hashimu, aikinsa yankan ciyawa ne a gefen filin jirgi, don kada tsuntsaye su taru su faɗa wa jirage a inji. Kullum yana dawowa gida da labarin abin da ya tashi da abin da ya sauka, har yaran suka taso ba su da zance sai na sama. Babbansu, Nafi'u, ya zama kyaftin, yana tuƙa manyan jiragen fasinja. Mai bi masa, Murjanatu, ƙaramin jirgi take tuƙawa, irin mai feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa. Autan, Sagir, shi ya fi su son abin nesa ba kusa ba, amma likita ya duba idonsa ya ce ba ya rarrabe ja da kore, saboda haka shi da tuƙin jirgi har abada. Ya haɗiye abinsa, ya koma harkar kwamfuta.

Sagir ne ya gina zauren. Ya lura matuƙa jirgi 'yan Arewa a warwatse suke, kowa yana shan wahalarsa shi kaɗai, ɗalibi ba shi da wanda zai tambaya, wanda ya rasa aiki ba shi da wanda zai gaya wa. Ya zauna wata da watanni ya ƙera musu wuri a intanet, inda za su yi magana da harshen da suka sha a nono. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu. Daga baya da 'yan damfara suka kutsa ciki suna yaudarar ɗalibai da aikin ƙarya, shi ya kore su, ya toshe duk wata kafa, ya dawo da abin da suka goge. Mabuɗin wurin a hannunsa yake shi kaɗai. Ba don Sagir ba, da babu zaure sam.

Amma zauren ya daɗe a buɗe ba kowa, sai Sagir da 'yan abokansa da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wane kyaftin ne zai shiga wurin wanda bai san shi ba? Nafi'u ne ya sa fuskarsa da girmansa. Duk inda ya sauka, Legas ne, Yamai ne, Jidda ne, sai ya bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin matuƙa da ba sa son danna waya, har gida ya bi su, ya durƙusa ya gaishe su, ya saka musu abin da hannunsa. Da aka ga sunayen manya a ciki, sai jama'a suka yi ta kwarara: matuƙa, injiniyoyi, masu ba jirgi izinin tashi da sauka, Musulmi da Kirista. Ɗalibi ya yi tambaya da safe, kafin azahar wanda ya yi shekara talatin a sama ya ba shi amsa. Ba don Nafi'u ba, da zauren kango ne.

Sai ranar da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Kyaftin Yohanna Bako, mutumin Kafanchan, wanda kowa a zauren yake so. Wani marar tunani ya ɗauki hoton gawar ya saka a ciki tun ba a sanar da iyalinsa ba. Hoton ya fita, ya yi ta yawo, har ya faɗo wayar matarsa Saratu tana tsakiyar daka masara. Haka ta ji mutuwar mijinta. Mutane suka fara ficewa daga zauren don kunya da takaici, yayan mamacin kuma ya rantse sai ya kai su kotu an rufe wurin. Murjanatu ce ta ajiye aikinta, ta hau mota zuwa Kafanchan, ta shiga gidan makoki inda ba mai son ganin ɗan zauren. An zage ta ta shanye, an ce ta fita ta ƙi fita. Ta durƙusa gaban Saratu ta ba da haƙuri da sunan mutanen da ita kanta ba ta san rabinsu ba, ta zauna tana wanke-wanke da matan gidan har aka tashi daga zaman makoki. Da Saratu ta yafe, sai ta ce abu ɗaya ke cin ta, kada 'ya'yanta su girma abin da duniya ta sani game da ubansu shi ne wannan hoton. Nan take Murjanatu ta riƙe hannunta ta yi mata alkawari cewa zauren zai ɗauki sunansa. Ba ta shawarci kowa ba. Maganar kotu ta mutu, waɗanda suka fita suka dawo. Ba don Murjanatu ba, da zauren ya rushe.

To, duk tsawon wannan lokaci wurin ba shi da suna, Zaure kawai ake ce masa. Da ya girma, sai ya zama dole a yi masa adireshi na dindindin, kuma Sagir ya ce sunan da aka sa a wannan adireshin shi ke nan, ba a sake shi kamar riga. Nan aka buɗe wa shaiɗan ƙofa.

Nafi'u ya ce Zauren Malam Hashimu za a sa. Murjanatu ta ce Zauren Yohanna Bako, ta riga ta faɗa, kuma ba ta lashe amanta. Sagir ya ce ba sunan kowa, Inuwar Fiffike za a kira shi, domin ya rufe wanda ke tashi da wanda ke tsaye a ƙasa yana kallo. An jefa ƙuri'a a zauren, jama'a suka rabu uku, kafin a ankara zancen addini da ƙabila ya fara leƙowa. Wani tsohon kyaftin da ya yi ritaya ya tsawatar, ya ce masu rigimar nan ai ciki ɗaya suka fito, su je wurin uwarsu. Ya ce ta ɗauki muryarta a waya, sunan da ta faɗa da bakinta shi ne, kowa ya bi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo mata, kowa da motarsa, ba wanda ya gaida wani. Ta shimfiɗa tabarma ɗaya, suka zauna a gefe uku kamar duwatsun murhu.

Nafi'u ya fara. "Inna, Baba ya sayar da gonarsa ta gado ya sa ni makaranta. Ya mutu bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Don na ce a sa sunansa shi ne na yi laifi?"

Sagir ya ce, "Don kai ya sayar, Yaya. Mu ko zangarniya ɗaya ba mu gani ba. Ka gina masa masallaci, ka bar mini zaurena."

"Zaurenka? Kafin in shigo da su wa kake hira a ciki, da aljanu? Mutumin da ko fitilar titi sai an gaya masa ja ce ko kore ce, shi zai raɗa wa matuƙa suna?"

 Sagir ya dubi yayansa, ya ce a hankali, "Na gode, Kyaftin. Amma ka sani kafin a kira la'asar ina iya rufe shi, kowa ya kama gabansa."

"Rufe mana. Gobe in buɗe wani, in ga wanda zai zauna da kai."

Murjanatu ta gyara mayafinta. "Ku rufe, ku buɗe, ku kuka sani. Ranar da nake durƙushe a gaban matar mutane ana tofa mini yawu, kuna ina? Ɗaya yana Jidda yana zaɓen dabino, ɗaya yana ɗaki yana danne-danne."

Nafi'u ya ce, "Wa ya aike ki alkawari? Kin ɗauki akuyar mutane kin yi sadaka da ita, kina jira a ce miki sannu."

Inna Kubura ta buga maficinta a ƙasa. "Ku yi mini shiru, marasa ta-ido. A gabana? Na haife ku, na raɗa muku suna ba a yi faɗa ba, sai yau a kan abin da ko ruwa ba ya sha? Ku haɗa sunayen duka uku mana, ku huta, in huta."

Sagir ya ce wurin ba ya ɗaukar suna mai tsawon igiyar guga. Nafi'u ya ce ba za a yi wa sunan ubansa gwamutse ba. Murjanatu ta ce ita suna ta yi alkawari, ba sulusin suna ba. Suka tashi ba wanda ya taɓa abincin da ta dafa, kuma kowa kafin ya fita sai da ya faɗa mata a fili: idan ba nasa aka ɗauka ba, kada ta sa ran ganinsa a gidan nan ranar Sallah muddin sauran suna ciki. Suka bar mata waya a kan tabarma, an nuna mata inda za ta danna ta yi magana.

Tun ranar take juya abin, kuma duk ta inda ta ɓullo sai ta tarar da wuta.

Idan ta bi Nafi'u, sai ta kama sunan mijinta da bakinta. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa faɗinsa ba, Malam take cewa, haka uwarta ta koya mata, haka ta ga kakarta tana yi. Yanzu bayan ya kwanta dama za ta buɗe baki ta faɗe shi a cikin waya, baƙi ɗari-ɗari suna saurare? Kuma ta san halin yaran zamani, gobe za su gutsure shi, a riƙa cewa ka ga abin da aka saka a wurin wane, ana musun ƙwallo da sunan bawan Allah. Nafi'u bai ma tuna da wannan ba, shi da ya fi kowa sanin ko nasa sunan ba ta kamawa, don shi ne ɗan fari. Ga kuma baƙar maganar da ya yaɓa wa ƙanensa. Amma idan ta ƙi, ta ƙi mutumin da ya rabu da gonar ubansa don ɗansa ya tashi sama, kuma har ta mutu Nafi'u zai ce ita ta hana.

Idan ta bi Murjanatu, ta san abin da take yi, domin ita ma ta yi takaba, ta san yadda maganar da aka faɗa wa mace a kan tabarmar makoki take zama mata abin dogaro. Saratu ta riga ta gaya wa marayunta. Wa zai je ya ce musu wasa ake yi? Amma yarinyar nan da ƙarfin hali take, ta yi kyauta da abin da ba nata ita kaɗai ba, ta ɗaure 'yan'uwanta da igiyar da ba su gani ba. Idan aka bar ta ta ci wannan, an koya mata cewa duk wanda ya riga yin alkawari shi ne mai kaya. Kuma dangin Malam ba za su yi shiru ba, za su ce ta tsallake sunan ɗan'uwansu ta ɗauki na wanda ba ta taɓa gani ba.

Idan ta bi Sagir, zuciyarta ta san dalili. Ita ta ga ranar da ya dawo daga wurin likita ya kwanta ya juya fuska ga bango, bai yi kuka ba, bai kuma ci abinci ba. Wannan zauren shi ne kaɗai jirgin da ya taɓa ɗagawa. Sunan da ya zaɓa ba ya fifita kowa, ba ya kore kowa. Amma shi ma da wuƙa ya zo, ya ɗora ta a wuyan ɗaruruwan mutanen da ba su yi masa komai ba, ya ce a ba shi ko ya yanka. Idan ta ba shi, za a ce ta bi son auta, ta kuma ji tsoron barazana, sannan uba ya rasa, marayu su rasa.

Sallah tana ƙaratowa, wayar tana nan inda suka bar ta, mutanen zauren suna jiran muryar tsohuwar da ko haruffan sunayen ba ta iya karantawa da sauri. Suna ɗaya za ta faɗa, ɗa ɗaya zai shigo mata gida, biyu su juya baya.

To jama'a, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya raɗa sunan: wanda ya gina zauren, ko wanda ya cika shi da mutane, ko wadda ta hana shi rushewa? Kuma da ku ne Inna Kubura, ga wayar a hannunku, wane suna za ku faɗa?