Dutsen Mamuda a Layin Caji

An yi wani bawan Allah mai suna Mamuda, a wani ƙaramin gari da ba sai na kama suna ba. Keke mai ƙafa uku mai lantarki yake ja, na haya. Garin nan kaf wurin caji ɗaya ne, a bayan tasha, kuma da hasken rana yake aiki. Bakin jona caji biyu aka sa masa, ɗaya ya mutu tun ranar da manya suka gama ɗaukar hoto suka tafi.

Sai masu kekuna suka kafa doka. Kowa ya ajiye dutse a layi, wanda ya ba wani gurbinsa, dutsensa ya koma ƙarshe. Ba sani, ba sabo.

To ku saurara. Wata safiya da damina aka aiko wa Mamuda cewa jikin mahaifinsa ya yi tsanani a ƙauye, yana ta kiransa. Shekara uku ba sa magana, saboda wata baƙar magana da Mamuda ya faɗa wa tsohon a kan gona. Burinsa ɗaya, ya iske shi da rai ya nemi gafara. Ga batirinsa ko bakin gari ba zai kai shi ba, mota kuwa ba ta shiga ƙauyen sai ran kasuwa.

Ya jira, ya jira. Sai bayan la'asar layi ya zo kansa, ga hadari ya fara haɗowa. Mai kula da wurin ya ce, "Malam Mamuda, wutar da ta rage ta mutum ɗaya ce. Yi maza."

Ya ɗauki wayar caji zai jona ke nan, sai ga wani keke ana turo shi da hannu. Wani manomi ne a ciki, maciji ya sare shi, cajinsu ya ƙare a hanyar babban asibiti. Matar manomin ta durƙusa cikin taɓo tana cewa, "Bayin Allah, ku taimaka mini, don Allah don Annabi!"

Jama'a, mutum goma sha takwas ne a layin nan. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon dutsensa.

Mamuda ya tsaya riƙe da waya. Asibiti gabas yake, ƙauyensu yamma. Ya miƙa wa direban keken ya ce, "Jona, ɗan'uwa."

Sannan ya juya ga 'yan layi. "Mahaifina ne ba lafiya. Ko wani zai bar ni in bi bayansa in wuta ta dawo?"

Wani ya ce, "Doka doka ce, Malam. Da kai aka kafa ta."

Bai yi musu ba. Ya bar keken a nan, ya kama hanya a ƙasa cikin ruwan sama. Washegari da hantsi ya isa ƙauye, ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Yayarsa ta dube shi ta ce, "Ya yi ta tambayar ka, Mamuda, har ya gaji."

Wallahi labarin nan yana ƙona mini rai. Kuna jiran in ce an ba shi kujerar Makka? Ba a ba shi komai ba. Ko manomin ya rayu, bai taɓa ji ba. Ladansa yana wurin Allah, wanda ba a ɓoye masa komai.

Alheri na gaskiya shi ne wanda ka yi yana yi maka ciwo. Ku da kuke tare layi a asibiti da bakin famfo, kuna cewa doka ce, ku ji tsoron ranar da za ku roƙa a sunkuyar muku da kai. Wanda kuma ya san ya ɓata wa iyayensa rai, kada ya jira a aiko masa. Ya tashi yau.