Muryar da Aka Jefa a Gwangwani

An ce wai a Jos, a wani layi da masu gyaran rediyo suka jera rumfunansu, an yi wani dattijo mai suna Baba Cindo, wanda 'yan layin suka naɗa shugabansu shekara ashirin da wani abu. Sarauta ce ba rawani ba fada, sai kujerar katako da aka ɗaure wa ƙafa da waya, da rigimar mutane wadda ba ta ƙarewa. Ya gaji, kuma ba ya ɓoyewa. Sau uku yana cewa a nemi wani, sau uku ana ba shi haƙuri, domin duk layin babu mai sha'awar zama wurin raba faɗa.

Doka ɗaya ce mai nauyi a layin. Duk wanda aka kama ya buɗe kayan mutum ya cire na ƙwarai ya sa na banza, a rufe rumfarsa, a karɓe ƙarfen da yake narka dalma da shi, kuma kada wani ya sake ba shi wurin zama. Mai gyara ba shi da jarin da ya wuce a yarda a bar masa kaya a tafi.

Wata Laraba da hantsi, sai ga wani tsohon makaɗi, Barmo Mai Jita, jita rataye a kafaɗa, yana turo amfilifayarsa a baro, wato akwatin da ke ƙara wa jitar sauti, gumi na tsiyaya masa. Ya tsaya daidai ƙofar rumfar Sallau, mutum mai shiru-shiru wanda ya shekara talatin a layin ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya ɗaga murya ya kira shi ɓarawo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Masu wucewa suka tsaya, masu jiran mota suka juyo.

Ita wannan amfilifaya ba ta kamfani ba ce. Wani gwani da ya daɗe da rasuwa, Ilu Mai Kunne, shi ya haɗa ta da hannunsa, kuma duk rayuwarsa goma sha ɗaya kaɗai ya yi irinta. A cikinta akwai bawul, wato 'yan kwalaben nan na zamanin da, masu yin ja kamar garwashi in sun ɗauki zafi. An ce Ilu yakan zauna da kwando guda na bawul, yana sa wannan yana cire wancan, yana saurare, sai ya sami waɗanda muryarsu ta dace da juna. Irinsu yanzu sai an tona, shi ya sa sukan shiga idon mai son zuciya.

Aka taru gaban Baba Cindo. Ya dubi taron, ya yi ajiyar zuciya, ya ce Barmo ya faɗi ƙararsa.

Barmo ya ce, "Baba, shekara talatin da takwas ina tare da amfilifayar nan. Na san muryarta fiye da yadda na san tawa. Tana da ɗan kaushi mai daɗi, in na taɓa tsirkiya a hankali ta yi laushi, in na danna ta yi kuka kamar mutum. Ta fara tartsatsi in ta yi zafi, na kawo wa wannan bawan Allah. Ya mayar mini da ita ba tartsatsi, amma kuma ba murya. Yanzu sai ƙara kawai, tsaf-tsaf, ba rai, kamar lasifikar tasha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An cire mini bawul ɗin Ilu an sa wasu."

Baba Cindo ya juya ga Sallau. Shi kuwa idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Baba, ban cire masa ko ɗaya ba. Ban san yadda zan nuna ba, amma ban cire ba. Na gaji da faɗin haka tun ɗazu, ba wanda ya tsaya ya ji."

Aka buɗe bayan akwatin. To, ga bawul nan a tsaye, amma rubutun jikinsu ya goge tun tuni saboda zafi da shekaru, ba mai iya cewa su ne ko ba su ba ne. Wasu suka ce a ba Sallau rantsuwa kowa ya huta. Baba Cindo ya girgiza kai. Ya ce, "Rantsuwa za ta rufe bakinku, amma ba za ta rufe kunnen Barmo ba. Kullum ya kaɗa ya ji ba ita ba ce, zai sake cewa ɓarawo a zuciyarsa, ku ma haka."

Ya sa aka jona wuta, ya ce Barmo ya kaɗa. Barmo ya kaɗa. Baba Cindo, wanda ya sha jin akwatin nan a wuraren biki tun yana da baƙin gashi, ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiyar Barmo ce. Wannan ba muryarta ba ce."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Sallau ya nemi bakin benci ya zauna. Wallahi abin tausayi, mutum ya ga shekara talatin na shirin tafiya cikin hantsi ɗaya. Shi ma Baba Cindo abin ya dame shi, domin ya san kunnen Barmo ba ya ƙarya, ya kuma san hannun Sallau ba ya sata, ga shi dole ya yanke hukunci tsakanin mai gaskiya da mai gaskiya.

Can sai ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Sallau, in ba bawul ba, me ka taɓa a ciki?"

Sallau ya ce, "Resista ɗaya ce tak, Baba. Ta tsage, ita ke tartsatsin. Na karanta zoben launin da ke jikinta, na sa sabuwa mai lamba iri ɗaya. Ko ƙwayar dalma ban ƙara ba."

"Ina tsohuwar?"

"Tana gwangwani."

Kowa a layin ya san gwangwanin, domin mai gyara ba ya zubar da abin da ya cire, ko da ya san har ya mutu ba zai yi masa amfani ba. Aka ɗauko na Sallau, tsohon gwangwanin madara cike da tarkacen shekaru, aka zazzage a faranti. Resista kuwa 'yar aba ce da ba ta fi ƙwayar wake ba, ga su nan ɗaruruwa. Sallau ya durƙusa yana tsinta har rana ta take, mutane na ta cewa ɓata lokaci ne. Daga ƙarshe ya ɗago wata mai tsaga a gefe, ta yi baƙi-baƙi.

Baba Cindo ya karɓi ƙarfen dalma da kansa, ya cire sabuwar ya mayar da tsohuwar. Bai taɓa bawul ko ɗaya ba, kuma ya sa kowa ya shaida haka. Aka jira suka yi ja. Ya ce, "Kaɗa."

Barmo ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ya tsaya cak. Ya sake taɓawa, ya danna, amfilifayar ta yi kukan nan nata. Ya kasa ɗaga ido ya dubi Sallau. Ba a jima ba kuma tartsatsin ya dawo, kamar yadda yake tun farko.

Baba Cindo ya kashe wuta, ya sake cire tsohuwar resistar, ya ɗora ta a kan mitar awo, ya juya fuskar mitar ga jama'a. Zoben launin jikinta ya ce ɗari, allura kuwa ta tafi ta tsaya kusa da ɗari da sittin.

Ya ce, "Ku ji, don ba ni da ƙarfin maimaitawa. Bawul shi ke waƙa, amma ba shi ke auna wa kansa abinci ba. Wannan 'yar abar ce ke cewa ga yawan wutar da zai ci. Shekara talatin da takwas tana gasuwa, tana sauyawa kaɗan-kaɗan, bawul na bin ta, kunnen Barmo na bin su, har muryar da ya saba da ita ta zama wadda ko Ilu bai taɓa ji ba. Gero ɗaya ne, amma furar kowane gida da hannun mai damu. Barmo, ka ji daidai, ka yi zato ba daidai ba. Sallau, ba ka yi sata ba, amma ka karanta abin da aka rubuta mata ranar da aka yi ta, ba ka tambaye ta abin da ta zama ba. Garin gyaran gira ka kusa rasa ido."

Sannan ya yanke hukunci. Sallau zai nemo sabuwar resista wadda ta yi daidai da abin da mita ta nuna, ba abin da launi ya ce ba, don murya ta zauna tartsatsi ya tafi. Shi kuwa Barmo, tunda a ƙofar rumfa ya zubar da mutuncin mutum, a nan zai kwashe shi: kwana uku zai zo da hantsi ya zauna a wurin ya kaɗa, duk wanda ya tsaya ya gaya masa da bakinsa cewa Sallau bai ɗauki komai ba.

Haka aka yi. Barmo ya zo kwana ukun, ya kaɗa, ya faɗa, ya nemi gafara, Sallau ya ce ya yafe. Amma bai yi murna ba, kuma bai yi kamar ya yi ba. A rana ta uku Baba Cindo ya tambaye shi ko ransa ya yi sanyi. Sallau ya ce, "Baba, 'yan layi sun ji, na gode. Amma waɗanda ke jiran mota ranar Laraba sun ji ɓarawo sun hau sun tafi. Su ba za su dawo su ji jita ba."

Baba Cindo ya ce, "Wannan kam ba ni da gwangwanin da zan zazzage in nemo maka."

Shi ya sa masu hankali suka ce, tsohon abu a auna shi kafin a musanya shi, mutum kuma a bincika kafin a kira shi da mugun suna. Muryar akwati in ta ɓace ana iya tsinto ta a faranti, amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.